Wai cutar Parkinson daga hanji take farawa?

Ɗan'uwa Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce yana rawar hannu, likita ya ce Parkinson ce, kai kuma ka ji wai daga ciki take tasowa. Maganar nan tana da tushe gaskiya, amma ba a gama tabbatar da ita ba.

A cutar nan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin, mai taimakawa wajen sarrafa motsin jiki, ne suke mutuwa a hankali, kuma su ƙwayoyin nan akwai cin makamashi, da zarar injin wutarsu wato mitokondiriya ya samu matsala sai su fara galabaita. To bakteriyar hanji idan ta narka harzar abinci tana fitar da wasu sinadarai da suke rage kumburi, kuma an ga masu Parkinson da yawa irin wannan bakteriyar ta ragu a cikinsu. Tun 2003 wani likitan Jamus Heiko Braak ya kawo ra'ayin cewa wani gurɓataccen furotin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar yana iya hawowa daga hanji zuwa ƙwaƙwalwa ta jijiyar bagus da ta haɗa su biyun, a 2016 kuma a jami'ar Caltech ta Amurka aka dasa wa ɓeraye bakteriyar hanjin masu Parkinson sai motsinsu ya ƙara lalacewa. Mutane da yawa ma taurin bayan gida ke damunsu shekaru kafin rawar.

Don Allah kar Baba ya daina shan libodofa, maganin Parkinson, saboda masu tallar maganin wankin ciki. A ba shi wake, zogale, ruwa sosai, ya riƙa tattaki, in bayan gida ya yi tauri a gaya wa likita domin yana hana maganin aiki da wuri.