An sanar da abokin takarata ya ci, alhali takardun rumfuna suna hannuna

Barista, salamu alaikum. Na tsaya takarar kansila a gundumarmu, a wata ƙaramar hukuma da ke arewacin Jihar Gombe. Muna da rumfunan zaɓe 14. A guda 9 an yi zaɓe lafiya, an ƙirga a gaban jama'a, ejan-ejan ɗina sun karɓo takardun sakamako, kuma in aka haɗa su ni ne a gaba. A guda 3 kayan zaɓe ba su iso ba har aka kira la'asar mutane suka watse. A guda 2 'yan kalare, wato 'yan dabar siyasa, ne suka kori ejan ɗina. Da daddare muna zaune a ƙofar gida sai muka ji a rediyo wai abokin takarata ya ci, har da ƙuri'u daga rumfunan da ko akwati ba a gani ba. Yau kwana 9 ke nan. Matasa na cewa mu tare hanya, dattawa na cewa in bar wa Allah, shugaban jam'iyyarmu kuma ya ce in jira uwar jam'iyya ta zauna. Muna da bidiyo a waya. Ina mafita?

Wa alaikumus salam, Malam. A duk wasiƙarka babu abin da ya fi tayar mini da hankali kamar kwana 9 ɗin nan. Shari'ar zaɓe tana da wa'adi, kuma in ya wuce, ko alƙali ya ga gaskiyarka ƙarara ba shi da ikon buɗe fayil ɗinka. A zaɓen gwamna da na 'yan majalisa, sashe na 285 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba da kwana 21 daga ranar da aka sanar da sakamako. Zaɓen kansila kuwa hukumar zaɓe ta jiha, GOSIEC, ce take gudanar da shi, kuma dokar jiha ce take tsara kotun da za ta saurare ka da yawan kwanakin da kake da su. Saboda haka abu na farko da lauyanka zai yi shi ne ya buɗe wannan doka ya ƙirga maka kwanakin, ku rubuta ranar ƙarshe a bangon ɗaki. Kada ku cire Asabar da Lahadi ko ranakun hutu, duk a cikin lissafi suke. Na taɓa ganin dattijo ya fito daga kotu da jakar leda cike da takardu masu kyau, ba wanda ya ko duba su, don kawai an makara da kwana ɗaya. Har yau ina tuna yadda ya zauna a gindin bishiyar maina ya kasa magana.

Maganar jiran uwar jam'iyya, ka ajiye ta gefe cikin mutunci. Ɗan takara yana da hurumin shigar da ƙara da sunansa, jam'iyya ma tana da nata. In sun shigo daga baya da taimakon kuɗi ko lauya, madalla. Wanda ba shi da hurumi shi ne mai jefa ƙuri'a ko ɗan uwa ko mai goyon baya, komai zafin da ya ji. Kuma kada wani ya ja ka zuwa kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci ko fadar hakimi da sunan a soke zaɓe. Wannan aikin kotun sauraron ƙararrakin zaɓen ƙananan hukumomi ne kaɗai, in ba ka gamsu ba ka ɗaukaka ƙara a inda dokar jihar ta tanada.

Yanzu ga inda aikin yake. A idon doka, sakamakon da baturen zaɓe ya sanar daidai ne har sai kai ka rushe shi. Nauyin yana wuyanka. Dalilan da aka saba karɓa a ƙarƙashin tsohuwar Dokar Zaɓe ta 2022 uku ne, kamar yadda suka zo a sashe na 134 nata: cewa wanda aka sanar bai cancanci tsayawa ba tun farko, ko cewa maguɗi da saɓa ƙa'ida sun lalata zaɓen, ko cewa bai samu rinjayen halastattun ƙuri'u ba. Sashe na 150 na waccan doka kuma a lokacin ya ɗaure hukumomin zaɓe na jihohi da bin irin tsarin da ake bi a zaɓen ƙananan hukumomin Abuja. Labarinka ya faɗa cikin dalili na biyu da na uku.

Takardun rumfuna 9 ɗin nan su ne jarinka. Daren yau ka shimfiɗa su a kan tabarma, ka duba kowace: akwai sa hannun malamin zaɓe? Akwai hatimi da kwanan wata? Ejan ɗinka ya sa hannu? An yi gogewa ko gyaran lamba? Ka ɗauki hoton kowace, ka yi fotokwafi, ka ɓoye na asalin inda ruwa da gara ba za su kai ba, kuma kada ka ba kowa aro, ko da jigon jam'iyya ne. Sai lauyanka ya rubuta wa hukumar zaɓe yana neman kwafi mai hatimi na sakamakon kowace rumfa, da takardar tattara sakamakon gunduma, da rajistar masu zaɓe da aka yi aiki da ita. Ku tabbata an buga muku hatimin karɓa a kan kwafin wasiƙarku. In aka ba ku, ku jera nasu kusa da naku. Duk inda takardar rumfa ta ce abu kaza, ta gunduma ta ce wani abu daban, nan ne shari'arka take, domin sakamakon rumfa shi ne tushe. In kuma aka ja ƙafa, wasiƙar za ta zama hujjar da za ku nemi kotu ta tilasta a fito da su.

Rumfuna 3 da ba a yi zaɓe ba sun fi wuya, don tabbatar da cewa abu bai faru ba sai da mutane. Kana buƙatar masu rajista a waɗannan rumfuna, kowa da katinsa, su rantse cewa sun je sun tsaya a layi ba su ga akwati ba. Kai kanka ba za ka iya ba da shaida a kan rumfar da ba ka tsaya ba, kotu za ta kira shi jita-jita. Shi ya sa ejan ya fi kowa daraja a irin wannan shari'a. Bayanan shaidu a rubuce, da rantsuwa, tare suke shiga da takardar ƙara, ba a cewa za a kawo su daga baya. Shari'ar zaɓen shugaban ƙasa ta 2023 ta nuna haka, inda aka yi watsi da bayanan shaidun da ba a shigar cikin wa'adi ba. Ka fara zagaya mutanenka tun yanzu, kafin wani ya riga ka zuwa ƙofar gidajensu.

Bidiyo yana da amfani, amma ba kamar yadda matasa suke zato ba. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar takardar bayanin na'urar da aka ɗauka da ita, kuma wanda ya ɗauka ya fi dacewa ya zo ya faɗi wuri da lokaci. Wanda aka yi ta turawa a WhatsApp har ba a san mai shi ba, ba ya tsinana komai. Zargin 'yan kalare kuma zargin laifi ne, sai an tabbatar da shi ba tare da kokwanto ba, kuma a nuna alaƙarsu da wanda aka sanar. Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda a rubuce, amma kada ka gina ƙararka a kansa.

Sai lissafi. Kotu ba ta soke zaɓe don an yi kuskure, sai in kuskuren ya kai ya canza sakamako. In aka zubar da ƙuri'un rumfunan da kake ƙalubalanta, wa ke gaba, kuma da nawa? In ratarka ta fi yawan masu zaɓen waɗannan rumfuna, ka roƙi a bayyana ka a matsayin wanda ya ci. In ba ta kai ba, ka roƙi a sake zaɓe a can. Ku rubuta roƙon biyu, ɗaya a madadin ɗaya, don kotu ba ta ba mutum abin da bai nema ba.

Ba zan ɓoye maka ba, hanyar tana da tudu. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2020 da na 2024 jam'iyya mai mulki a Gombe ce ta kwashe shugabanni 11 da kansiloli 114, a Bauchi ma mai mulkin can ta kwashe shugabanni 20, duk da jam'iyyun ba ɗaya ba ne. Ga kuɗin lauya, ga na rajistar ƙara, ga kuɗin mota da abincin shaidu duk ranar zama. Ka sa lauya ya rubuta maka jimilla kafin ka sayar da gona ko sa. Amma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya haramta kantomomin riƙo ya kuma ce kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne, kujerar kansila ta ƙara nauyi, kuma mutanen da suka tsaya cikin rana dominka suna da haƙƙi a kanta. In takardunka sun kai yadda ka faɗa, ra'ayina ka shigar.

Matasan nan ka riƙe su da hannu biyu. Tare hanya zai kai su gidan yari, cikinsu har da shaidunka. Ka hana su kiran sunan wani da ɓarawo a Facebook, ɓata suna laifi ne a dokar final kod. Dattawa kuma ka gaya musu ka bar wa Allah, kotun ma sababi ce. Gobe da sassafe ka ɗauki takardun nan 9, da sunayen ejan-ejan ɗinka da lambobin wayarsu, ka shigo Gombe wurin lauyan da ya taɓa yin shari'ar zaɓe.