Ku Tambaya: Idan a Brussels ake dafa doka, me majalisar Jamus ko Faransa ke yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai sayar da waya ne da kayanta a Farm Centre Kano. Tun da iPhone 15 ta fito da caja irin ta Android kwastomomi ke tambayata dalili, sai wani yaron shago ya ce wai Tarayyar Turai ce ta yi doka ta tilasta wa Apple. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, ƙasashen nan fa kowacce tana da majalisarta da wakilanta, to idan wasu can a Brussels ne ke yi musu doka su kuma zaman me suke yi? Ko alawus kawai suke karɓa? Kuma mu ECOWAS ɗinmu haka take?

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Yaron shagonka gaskiya ya faɗa. A 2022 aka amince da dokar caja ɗaya, ta fara aiki a ƙarshen Disambar 2024, Apple kuwa bai jira ba ya riga ya sauya tun 2023.

Amma ba komai Brussels ke da ikon taɓawa ba, an raba aikin ne gida uku. Akwai abin da Tarayya kaɗai ke da magana a kai, kamar kwastan da cinikin ƙasa da ƙasa da kuɗin yuro ga masu amfani da shi. Akwai na tarayya tsakaninta da ƙasashe, irin su noma da muhalli da kasuwar bai ɗaya, nan cajarka ta faɗo. Sai kuma ilimi da al'adu da tsarin asibitoci, waɗannan na ƙasa ne, Brussels sai dai ta taimaka, ba ta da hurumin ce wa Faransa ga abin da za ki koyar a firamare.

Rigimar duk a gida na biyun take. Ƙa'idar ita ce abin da ƙasa za ta iya yi da kanta kar Tarayya ta sa hannu. To wa zai tsare wannan iyaka? Yarjejeniyar Lisbon da ta fara aiki a Disambar 2009 ta ba majalisun ƙasashe wani abu da ake kira katin gargaɗi, e, kamar dai na alƙalin wasa. Idan Hukumar Tarayyar Turai ta rubuta daftarin doka sai ta aika wa kowace majalisa, suna da mako 8 su ce wannan kin wuce gona da iri. Kowace ƙasa ƙuri'a biyu gare ta, inda ake da majalisa biyu kamar Jamus kowacce ta ɗauki ɗaya, ƙasa 27 ƙuri'a 54 kenan, in aka tara kashi ɗaya cikin uku an ɗaga kati.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Kati ba ya kashe doka. Hukumar za ta sake dubawa ne kawai, in ta ga dama ta janye, in ta ga dama ta gyara, in ta ga dama ta ce na ji amma ina nan kan bakana, ta rubuto dalilinta. Sau uku kacal aka taɓa ɗaga shi. Na farko a 2012 kan dokar da ta shafi 'yancin yajin aiki, ta janye, amma ko a nan ba ta yarda ta yi laifi ba, cewa ta yi ta ga dokar ba za ta samu goyon baya ba. Na biyu a 2013 kan kafa ofishin mai gabatar da ƙara na Turai, ta ƙi janyewa, ofishin kuma yana nan yana aiki tun 2021 duk da ba duka ƙasashen suka shiga ba. Na uku a 2016 kan albashin ma'aikatan da kamfani ke turawa aiki wata ƙasa, yawancin masu ƙorafin ƙasashen gabashin Turai ne da ke tsoron a kashe musu kasuwar lebura mai araha, nan ma ta yi gaba abinta. Akwai wani kati mai ruwan goro da ya fi ƙarfi, yana buƙatar rinjayen ƙuri'u, ba a taɓa kai wa gare shi ba. Jan kati kuwa, wanda zai iya tsayar da doka, David Cameron, firaministan Birtaniya na lokacin, ya samo alkawarinsa a Fabrairun 2016, wata huɗu bayan nan Birtaniya ta zaɓi ficewa, maganar ta bi ruwa.

Ni a ganina katin nan ado ne, mako 8 ma ba ya isar majalisu su tuntuɓi juna balle in daftarin ya zo suna shirin zaɓe. Ƙarfin gaske yana wani wajen. Kar ka manta dokar Turai ba ta wucewa sai ministocin ƙasashen sun zauna sun amince tare da Majalisar Turai, kuma ministan nan ɗan gida ne, majalisarsa na iya riƙe masa wuya. Denmark ce gwana a nan, ministansu kafin ya hau jirgin Brussels sai ya bayyana gaban kwamitin harkokin Turai ya faɗi matsayin da zai ɗauka, in rinjaye ya ƙi to ba zai je ya sa hannu ba. Sai dai ko shi ana iya kayar da shi a can, tunda yawancin dokoki rinjaye ake bi, haraji da harkokin waje ne sai kowa ya yarda. Kai har majalisar yanki ta taɓa nuna ƙwanji, a Oktoban 2016 yankin Wallonia na Beljiyam ya riƙe yarjejeniyar ciniki da Kanada na wasu kwanaki, duk Turai ta zauna jiransu.

ECOWAS kuwa da sauran tafiya. Majalisarta da ke Abuja 'yan majalisun ƙasashe ne ake turawa ba zaɓensu aka yi kai tsaye ba, aikinta ya fi karkata ga ba da shawara, shugabannin ƙasa ne ke yanke hukunci. A Najeriya sashe na 12 na tsarin mulkin 1999 ya ce yarjejeniya da waje ba ta zama doka sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, ka ga a takarda sanatocinmu suna da iko kan wannan. Ko suna karanta takardun, wannan sai ka tambayi naka in ya zo neman ƙuri'a.