Hukuncin uwargida ta nemi gwajin ƙanjamau kafin shigowar amarya

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni matar aure ce a Daura, 'ya'yana 4, ina kuma shayarwa. Maigidana zai ƙara aure, na roƙe shi su yi gwajin ƙanjamau shi da amaryar, ya ce kishi ne da rashin tawakkali. Shin na saɓa wa Shari'a?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yar'uwa, ba ki saɓa ba, haƙƙinki kika nema. Annabi (SAW) ya ce babu cuta babu cutarwa, kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito hanin kawo raƙuma marasa lafiya cikin masu lafiya. In an kiyaye wa dabba wannan, gidan da mata biyu za su haɗa miji ɗaya ya fi cancanta, domin ƙwayar da ta shiga ɗaki ɗaya tana iya zagaya ɗakuna, ta kai ga jariri ta hanyar ciki ko haihuwa ko nono. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna mata sun ninka maza yawan kamuwa da ita a Nijeriya, ko da yake Katsina na cikin jihohin da ta fi ƙaranci.

Don haka wajibi ne a kansa ya amsa, ke ma a gwada ki tare da su, a maimaita bayan wata 3, saboda sabon kamu ba ya bayyana nan take. Asibitin gwamnati da ke Daura ya ishe ku. In ya ƙi, ki sa waliyyinki ko limamin unguwa su yi masa magana, ba ki da laifi in kika nemi a yi amfani da kwaroron roba, wanda malamai suka yi ƙiyasinsa da azalu, wato zubar da maniyyi a waje yayin saduwa.

Amma ina jan kunnenki, kada ki zargi kowa da zina, domin askar wanzami, allurar da aka yi wa wani, da ƙarin jinin da ba a tantance ba duk suna kawo ta. Ko an sami amaryar da ita, auren bai haramta ba matuƙar an bayyana wa kowa, ke ma kin sani, domin mai shan magani kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya harbin abokin kwanansa. Ɓoyewar ce haramun, kuma tana ba wanda aka yaudara damar neman alƙali ya raba auren.

Wallahu a'alam.