Ajiye sufa gulun nan, ka zo da mai kayan

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce an kawo maka tsohuwar ukulele, 'yar ƙaramar jitar nan mai tsirkiya huɗu, jakinta, wato ɗan katakon da ke riƙe tsirkiya a kan fuska, ya ɗaga, fuskarta ta tsage, wai ko ka zuba sufa gulu, ka bi ta da samfefa, ka fesa sabon banish. Shekara uku kana gabana, wannan tambayar ce za ta fito daga bakinka? Ku yaran yanzu kowane aiki so kuke ya ƙare kafin la'asar, ku karɓi kuɗi ku koma kan waya.

Abin da aka haɗa da gam ɗin fata, da gam ɗin fata ake gyara shi. Ɗumi da danshi suna sake shi, wanda zai zo bayanka ya iya buɗewa. Sufa gulu kuwa shigewa yake cikin naman katako ya daskare, ba ya fita sai da katakon. Banish ɗin ma kada ka taɓa, tsufan nan da kake raina wa shi masu saye suke biya. Dafa gam da kankare tsohon ba sai na koya maka ba, kowane wawa ya sani.

Tambayarka ta tayar mini da wani tsohon miki. Ina Jos lokacin, wani dillalin kayan Turawa ya kawo mini irinta a cikin buhu, yana cewa jitar yara ce, in ɗan liƙe masa. Na leƙa ramin, sai ga takardar Kamaka, masu ƙera ta a Honolulu, babban birnin Hawai, tun 1916. Katakon koa ne, itacen da asalinsa na Hawai ne, launinsa kamar zuma, yana walƙiya in ka juya shi a haske. Can aka haifi wannan kayan kiɗa, daga 'yan ƙananan jitocin da mutanen tsibirin Madeira na Fotugal suka je da su a 1879. Katakon da ya saba da iskar teku, hunturunmu ya busar da shi har ya tsage tun daga jaki zuwa gindi.

Mako uku na yi a kanta. Na rufe ta a akwati da jiƙaƙƙen tsumma a gefe, ba ya taɓa ta, har tsagar ta haɗe bakinta da kanta. Na shafa gam da ɗumi, na liƙa 'yan faci uku ta ciki, kowanne bai fi farce ba, zaren katakonsu ya gitta na fuskar. Ta ramin nan na shigar da su, da madubi da tocila a baki. Na zaunar da jakin. Da na gama, ko da yatsa ba ka jin wurin.

Na faɗa masa sau uku: tsirkiyarta huɗu, ta nailan ce, kada wayar ƙarfe ta hau ta. Ya ba ni rabin kuɗi, ya ce sauran ranar Juma'a. Ashe ya je ya ɗaura mata wayar jita, wai ta fi ƙara, mai saye zai fi so. Kwana biyu jakin ya fizge, ya tafi da ɓallin fuskar. Mutumin nan ya tsaya a ƙofar shagona yana ɗaga murya, wai aikina ne ba ƙarko. Wayar ma ya cire ta ya ɓoye, amma ga sawunta a kan jaki, ta yanka shi kamar wuƙa. Na nuna wa mutane, babu wanda ya san abin da yake kallo. Har gaban mai unguwa, aka ce in yi haƙuri in mayar da abin da na karɓa. Na mayar. Wallahi ba kuɗin ne ke ci mini rai har yau ba, katakon nan ne da ya kashe.

Saboda haka kada ka ɗora mata hannu tukuna. Ranar Asabar ka kawo ta shago tare da mai ita. Mu ƙirga tsagar a gabansa, a rubuta, ya biya kafin ta fita, tsirkiyar kuma da hannunka za ka ɗaura. Kada ka bar ta kusa da taga kafin nan.