Leɓen yarona ya kumbura bayan shan ibuprofen

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Yarona ɗan shekara 4 ya yi zazzaɓi, na ba shi ibuprofen na ruwa da na sayo a kemis. Ko minti 30 ba a yi ba leɓensa da fatar idonsa suka kumbura, borin jini ya feso masa, yana ta tari. Kakarsa ta ɗura masa manja, na ƙara da Piriton, zuwa dare ya lafa. In na rage yawan maganin zan iya sake ba shi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya ƙara masa lafiya. Malama, kada ki sake ba shi, ko da ɗigo ne. Jikinsa ne bai karɓi maganin ba, kuma karo na biyu yana iya fin na farko tsanani.

Tarin nan ya fi tayar mini da hankali. Kumburin da kika gani a leɓe yana iya sauka maƙogwaro ya toshe hanyar iska. Idan yaro ya sha magani sai muryarsa ta dishe, numfashinsa yana ƙara kamar fito, yana amai ko jikinsa ya saki, to anafilaksis ke nan, wato mafi tsananin nau'in rashin karɓar magani, kuma yana iya kisa cikin mintuna. Maganinsa allurar adrenalin ce a gefen cinya. Piriton ƙaiƙayi kawai yake ragewa, manja kuwa ba ya tsinana komai, hasali ma yana iya sarƙe yaron da ke neman iska. A garzaya asibiti nan take, kada a tsayar da shi kan ƙafafunsa. Ko ya samu sauƙi a bari a lura da shi, domin abin yana iya dawowa bayan wasu sa'o'i.

Ibuprofen yana da dangi: diclofenac, naproxen, piroxicam da aspirin. Hanyar aikinsu ɗaya ce, shi ya sa yaron da ɗaya ya tayar wa ƙila sauran ma su tayar masa, musamman mai asma. Aspirin dama ba a ba ɗan ƙasa da shekara 16 sai da umarnin likita. Ki riƙa karanta jikin kwali, domin wasu magungunan ciwon jiki haɗi ne da ibuprofen a ciki. Parasitamol dai yawancin irin waɗannan yara suna shansa lafiya, amma ki fara tuntuɓar likitan yara.

Akwai kuma wani nau'in rashin karɓar magani wanda ba ya bayyana sai bayan kwanaki, wato cutar Stevens-Johnson: zazzaɓi, jan ido, gyambo a baki, fata tana saɓulewa kamar ƙuna. Sau da yawa ana ɗauka ƙyanda ce a zauna a gida. Wannan ma na kwanciya asibiti ne.

Ki kai kwalbar wurin likita a rubuta sunan maganin a katinsa, a kuma kai rahoto ga NAFDAC. Ki sanar da kakarsa, malaman makarantarsu da mai kemis ɗin unguwarku.