Hoton Kare a Situdiyo: Wane Labule, Wace Fitila?

Tambaya: Ina da situdiyo a Kaduna, aikina hoton fasfo da na biki. Kwanan nan masu kiwon karnuka sun fara kawo mini karnukansu in ɗauka don talla. Baƙin kare yana fitowa dunƙulen baƙi, ba ido ba hanci, sai harshe kawai. Farin kuma sai ya ɓace a jikin farin labulena. Wani lokaci idanun su fito kore shar suna walƙiya. Ina da filashi biyu da lema ɗaya ta tausasa haske. Wane labulen baya zan saya, kuma yaya zan jera fitilu?

Amsa: Malam, kayan da ke hannunka sun kusa isa. Matsalar ita ce ka jera su ne don mutum mai tsayi da fata mai santsi, alhali kare gajere ne, kuma gashi ne ya rufe shi. Gashin nan shi ne zai zaɓa maka labule, shi ne kuma zai nuna maka inda fitila za ta tsaya.

Idan labule ɗaya za ka saya, sayi ruwan toka, wanda bai yi duhu ba, bai kuma yi haske ba. Baƙin kare irin Rottweiler zai fita sarai a gabansa, farin Lhasa ma haka, Boerboel mai ruwan ƙasa ma haka. Sannan ruwan toka yana canza kama gwargwadon hasken da ya same shi. Haske yana raguwa da sauri idan aka yi nisa da fitila: in ka ninka nisan, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isa. Ka ajiye fitila mita 1 daga kare, labule kuma mita 2 a bayan karen, to labulen yana mita 3 ke nan daga fitila, abin da zai same shi kusan kashi ɗaya cikin tara ne na abin da ya sauka a fuskar kare, sai ya fito kusan baƙi. Ka juya filashi na biyu ka haska labulen kai tsaye, sai ya yi fari-fari. Labule ɗaya, launi uku.

Wannan tazarar ta mita 1.5 zuwa 2 tsakanin kare da labule ita ce abin da aka fi yin sakaci da shi. In kare ya manne da labule, inuwarsa za ta faɗa a kai, duk wata tattara ta yadin za ta fito, launin labulen kuma ya dawo ya shafi gashinsa. Farin kare a kan koren labule, sai ka ga ƙasan haɓarsa da ƙirjinsa sun yi kore-kore, gyaran wannan a kwamfuta wahala ce. Don haka ɗakin yana son tsawon mita 5 ko kusa da haka: 2 a bayan kare, 3 a gabansa.

Game da abin da aka yi labulen da shi, takardar nadi ita ce mafi kyau a ido, domin ba ɗinki, ba tattara, ba sheƙi. Ta kamfanin Savage tana zuwa a faɗin mita 1.35 da 2.18 da 2.72. Ta farko ta ishi 'yan kwikwiyo da hoton kai da ƙirji, amma babban kare a tsaye, daga hanci zuwa wutsiya, sai mai faɗin 2.72. Aibinta farce yana yaga ta, yawu da sawun ƙafa suna ɓata ta, bayan kowane aiki sai ka yanke mita ɗaya ko fiye ka zubar. Roba mai kauri ana goge ta da ruwa da sabulu, amma ka nemi marar sheƙi, don irin wadda ake buga fosta a kai tana mayar da filashi ta yi farin tabo. Yadi shi ne mafi araha, sai dai yana riƙe gashi kuma kullum yana son guga. Ko wanne ka ɗauka, ka ware shi don karnuka kaɗai. Da yawa daga cikin masu zuwa hoton fasfo da na biki ba za su yarda su zauna a kan yadin da kare ya yi wa dalala ba.

Ƙasa ma tana da muhimmanci. Kare da ƙafarsa ke zamewa a kan tayil ko takarda ba zai tsaya da kyau ba, zai ware ƙafafu, ya sunkuyar da kai, ya kwantar da kunnuwa. Ka shimfiɗa tabarmar roba ko siririn kafet mai launin labulen, ka manne gefunan da salatif.

Yanzu fitila. Koren idon nan daga filashin da ke kan kyamara yake, ko wanda ke dab da ita. A can bayan idon kare akwai wani shimfiɗi mai sheƙi da ke mayar da haske, shi ke taimaka masa gani da dare. In haske ya shiga ta saitin da lens yake, wato gilashin gaban kyamara, ta nan zai dawo. Ka cire filashin daga kan kyamara, ka kai shi gefe kamar digiri 45, matsalar ta ƙare.

Sai ka sauko da shi. Sandar fitila da aka ɗaga mita 2 don mutum, a wurin kare haskenta daga sama yake zubowa, goshi ya yi haske, idanu su nutse cikin inuwa. Kare irin German Shepherd tsayinsa a kafaɗa bai wuce santimita 55 zuwa 65 ba. Tsakiyar lemar ta kasance kamar santimita 30 zuwa 40 sama da idonsa, ta ɗan duƙo. Alamar ka dace ita ce ɗan farin ɗigon haske a saman kowane ido. In babu shi, hoton ya mutu ko da komai ya yi daidai. Kai ma ka durƙusa ko ka zauna a ƙasa, lens ya yi daidai da idon karen.

Baƙin kare shi ne ya fi son a tsaya a kansa. Ƙara ƙarfin filashi ba ya fito da shi, sai dai ya mayar da gashin toka-toka. Gashi gajere mai sheƙi, irin na Rottweiler da Doberman, kamar baƙar mota ce da aka wanke: ba launinta kake gani ba, abin da ke haskawa a jikinta kake gani. Ƙaramar fitila za ta bar ɗan tabo mai ƙyalli a goshi, sauran jikin ya zama duhu. Babbar fitila a kusa kuwa za ta shimfiɗa sheƙi mai faɗi a kan kumatu da kafaɗa da ƙirji, wannan sheƙin ne ke nuna ƙirar jikin. Saboda haka in za ka ƙara kaya ɗaya, ka sayi akwatin tausasa haske, sofbos, mai faɗin santimita 90 zuwa 120, ka matso da shi kamar mita 1 daga karen. Filashi na biyu ka kai shi baya, ta ɗaya gefen, ya ɗan ɗara karen tsayi, yana kallon bayan kunnuwa da gadon baya. Zai zana siririn layin haske a gefen jiki wanda zai raba karen da labule, ko da labulen baƙi ne. Ka tare shi da baƙin kwali ta ɓangaren kyamara don kada haskensa ya faɗa cikin lens ya dusashe hoton. A gefen inuwa, farin kwali babba ya isa ya cike duhun. Kafin ka fara, a goge karen da ɗanyen tsumma, musamman lokacin hunturu, domin ƙura a baƙin gashi tana fitowa ɓaro-ɓaro a filashi.

Kare mai yalwar gashi irin Caucasian ba ya sheƙi, shanye haske yake. Ka ƙara tura fitilar gefe, haske ya bi ta kan gashin a karkace, sai silin gashi ya fito.

Farin kare kuwa, ka rage haske har sai gashin goshinsa yana ganuwa a allon kyamara. Ka kunna alamar da ke ƙyaftawa inda fari ya ƙone. In mai kare ya nace sai farin labule, ka haska labulen daban, ya fi karen haske da mataki ɗaya kacal, wato ninki biyu: kare a f/8, labule a f/11 (lambar f ita ce ma'aunin buɗewar lens, in ta ƙaru ƙofar ta tsuke). In ka wuce haka, haske zai dawo ta baya ya cinye bakin gashin.

Kada ka bar kyamara ta zaɓi haske da kanta. Ma'auninta yana ƙoƙarin mayar da komai ruwan toka, shi ya sa take ƙara wa baƙi haske, ta rage wa fari. Ka saita da hannu: ISO (ƙarfin karɓar hasken kyamara) 100, f/8, shota (tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa) 1/160 ko 1/200 na daƙiƙa. In ka wuce iyakar da kyamararka ke tafiya da filashi, yawanci 1/200 ko 1/250, baƙin layi zai yanke hoton. Ana son f/8 ne saboda dogon hancin kare, a f/2.8 ido zai fito, hanci ya dushe. Ka saita fokas, wato inda hoton zai fi fitowa sarai, a kan idon da ya fi kusa da kai, da lens na milimita 70 zuwa sama, don mai faɗin gani yana kumbura hanci. Ka kashe ƙwayayen ɗakin masu launin rawaya, ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. In fitilar LED mai ci gaba da haske za ka yi amfani da ita, ba walƙiyar da za ta tsayar da motsi, sai ka kai shota 1/500, ISO 800 zuwa 1600.

Kafin ɗauka, ka bar karen ya shinshina ɗakin na minti biyar zuwa goma. Ka kashe ƙarar da filashi ke yi in ya cika, ka rage ƙarfinsa zuwa ƙarshe, ka harba sau ɗaya nesa da shi, mai shi ya ba shi ɗan yankin dafaffen nama. Ban da tsire da kilishi, albasa da tafarnuwa suna cutar da kare. In yana yawan hamma, yana lasar baki, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, a tsaya a huta. Ɗaki mai zafi yana sa shi haki, harshe a waje a kowane hoto, don haka ka sanyaya ɗakin, ka ajiye ruwa. Kowace sandar fitila ka danne ƙafarta da buhun yashi, wayoyi kuma ka manne su a ƙasa. Ka tambayi mai shi ko an yi wa karen rigakafin ciwon haukan kare, ko yana da farfaɗiya. Mai farfaɗiya a ɗauke shi da hasken taga ko LED. Babban kare ya zauna da siririyar igiya a wuya, mai shi yana riƙe da ita sama ta bayan kai, daga baya ka share ta a kwamfuta.