Kafin a sa ranar bikinka, buɗe littafin shagonka

Tambaya: Assalamu alaikum Alhaji. Ina sayar da atamfa, leshi da shadda a Babbar Kasuwar Kaduna, shekara ta biyar ke nan da na buɗe shagon kaina. An kai kuɗin gaisuwa, yanzu maganar sa rana ake yi. Iyayen yarinya suna son a yi biki a Sha'aban kafin a shiga azumi, Hajiyata ma haka take so. Kayan shago da kuɗin hannuna za su kai naira miliyan 7. Lissafin lefe, sadaki, hayar gida a Rigasa, walima da dina ya kama miliyan 3 da rabi. Tunanina in cira daga shago, cinikin Sallah zai mayar. Wani abokina kuma ya ce in zuba miliyan 1 a wata harkar intanet da ke ninka kuɗi cikin kwana 40, in rage nauyi. In amince da Sha'aban, ko in roƙi a kai bayan Babbar Sallah?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanina. Allah ya sanya alheri, ya sa abokiyar arziki ce. Kafin mu je ga wata, akwai magana ɗaya a cikin saƙonka da ta tsaya mini a rai, inda ka ce cinikin Sallah zai mayar. Da wane kaya zai mayar?

Kai da kake cikin harkar ka fi kowa sanin cewa cinikin Ƙaramar Sallah ba a jajibiri ake yinsa ba. Mai atamfa da shadda tun a watan azumin tsofaffi yake fara hawa motar Kano, ya saro a Kantin Kwari, ya cika shago. Ciniki yana kankama daga tsakiyar Sha'aban zuwa tsakiyar azumi, domin kafin a shiga goman ƙarshe teloli da yawa sun daina karɓar ɗinki, kuma wanda bai sami tela ba ba zai sayi yadi ba. Ga masu haɗa lefe da masu fitar da anko, su ma a Rajab da Sha'aban suke cika kasuwa, saboda kowa yana son ya aurar kafin azumi. To makonnin da ake so ka zama ango su ne makonnin da kowace naira taka ya kamata ta zama turmi a kan kanta, kai kuma kana tsaye a bakin shago daga safe har magariba. Ka zaɓi ka zare rabin jari daidai lokacin da jarin yake haihuwa.

Mu yi lissafi na kan yatsa. A ce cikin kowace naira 100 ta ciniki ribarka 15 ce, kuma na san a kan wasu kayan ba ka samun haka. Kafin ka mayar da miliyan 3 da rabi daga riba, sai ka yi cinikin da ya haura miliyan 23. Da jarin miliyan 3 da rabi da zai rage maka, sai ka juya shi kusan sau shida cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki, ba ka ci ba, ba ka sallami yaron shago ba, ba ka biya kuɗin mota ba, ba ka yi cefane ba. Wane shago ne a Kaduna yake juya jarinsa haka? Ciniki ba riba ba ne. Kuɗin da za ka ga suna shigowa a azumi, mafi yawansu kuɗin kayan ne suke dawowa gida, kuma kuɗin dilolinka ne.

Nan ne na zo kan ainihin kuskurenka. Ka ce kayanka da kuɗinka "za su kai" miliyan 7. Ɗan kasuwar da ya shekara biyar a shago ba ya cewa za su kai. Cewa yake kaza ne, ranar kaza na ƙirga. Wannan kalmar ta nuna mini ba ka da littafi, ko kana da shi amma kuɗin da suka shigo kawai kake rubutawa. A cikin miliyan 7 ɗin nan nawa ne bashin dila da ba ka biya ba? Nawa ne a hannun matan unguwa da ma'aikatan da suka ce sai ƙarshen wata? Turmi nawa ne suka yi kwantai, yayinsu ya wuce, waɗanda ko ka karya farashi da ƙyar za su fita? In ka cire waɗannan, ba zan yi mamaki ba in abin da ke motsi a shagonka bai wuce miliyan 4 da 'yan kai ba. Ka ga ashe ba rabin jari za ka cire ba, kusan duka ne. Ba ka san ribarka ba, shi ya sa ka ɗauki aljihun shago a matsayin aljihunka, shi ya sa kuma aka zauna maganar rana ba ka da abin da za ka ce.

Na san wani matashi mai sayar da kayan yara a Kasuwar Bacci, yaro mai hankali, ba ya shaye-shaye, ba ya yawon banza. Ya yi irin wannan lissafin naka. Aka yi biki saura mako biyu azumi, dina a babban ɗakin taro, anko kala biyu. Da ya dawo shago ya tarar da kanta rabi babu kaya, sai ya je wurin dilansa ya karɓo kaya bashi, da alkawarin biya bayan Sallah. An yi ciniki kuwa, ba laifi. Amma ga amarya a gida a azuminta na farko, ga kayan shan ruwa, ga kayan Sallarta, ga abin da za a kai gidan surukai, ga 'yan biki da ba a gama sallama ba: mai girki, mai hoto, mai kujeru. Duk daga aljihun shago. Bayan Sallah ya kai wa dila abin da bai kai rabi ba. Dila bai yi faɗa ba, bai kai shi ko'ina ba, ya dai daina ba shi kaya sai da kuɗi hannu, kuma maganar ta zaga layin. Kafin shekara ta zagayo ya saki shagon, yanzu a gaban wani yake tsayawa. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne yarinyar, domin dangin mijin sun fara cewa ƙafarta ce ba ta da kyau, alhali ba ita ta ɗebi jari ba.

Akwai kuma abin da 'yan kasuwa suka gani da idonsu kwanan baya. Bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, wanda ya fitar da kuɗi daga kaya da niyyar ya sake sari bayan wata uku, ya koma ya tarar kuɗin ba sa sayen abin da ya sayar. A harkar yadi, wadda dala ke juya farashinta, jari a cikin kaya ya fi jari a cikin alkawari.

Maganar abokinka kuwa, ba zan ɓata mata lokaci ba. A Disambar 2016 wata harkar zuba kuɗi ta intanet mai suna MMM ta rufe da kuɗin jama'a, a Afrilun 2025 CBEX ta yi haka, kuma kowane karo akwai aboki na kirki da ya kawo labarin da zuciya ɗaya. Kai da kake shan rana kafin ka ci dubu biyu a kan turmi, wace sana'a ce kake zaton tana ninka miliyan cikin kwana 40, har masu ita suna neman kuɗinka? Kada ka zuba ko sisi. Wanda yake cikin matsin sa rana shi ne irin mutumin da waɗannan harkokin suke farauta.

Yanzu ga shawarata kan rana. Ba Sha'aban ba, kuma ba sai bayan Babbar Sallah ba. Ka nemi ƙarshen Shawwal ko farkon Zulƙida. A lokacin ka gama babban cinikinka na shekara, ka biya dilolinka, ka bi bashin da ke waje, ka ƙirga abin da ya rage, ka san wannan uwar kuɗi ce, wannan riba ce. Kasuwa kuma tana yin sanyi bayan Sallah, rashinka a shago ba zai yi ciwo ba. A 'yan shekarun nan Shawwal yana faɗowa a bazara, kafin ruwa ya kankama a Kaduna. In ka tura har bayan layya, ka haɗu da kuɗin rago, ka kuma faɗa cikin damina, a kai amarya Rigasa cikin taɓo. Sannan a Sha'aban kowa ango ne: kafinta a Panteka aiki ya yi masa yawa, tela yana ja maka rai, mai girki ta ƙara kuɗi. In wani ya kawo camfin cewa ba a aure tsakanin Salloli, a tuna masa cewa a Shawwal Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya auri Nana A'isha, a Shawwal kuma ta tare.

Wannan ba doka ba ce ga kowa, na faɗa ne don sana'arka. Mai hatsi a Kawo da ke saye da kaka ya ajiye, nasa lokacin matsin Nuwamba da Disamba ne, sai ya fitar da kaya daga baya yake ganin kuɗi. Mai littattafai da kayan makaranta bai kamata ya sa biki a Satumba ba. Kowa ya duba watan da jarinsa ke aiki, ya kauce masa.

Na san abin da zai yi maka nauyi shi ne yadda za a faɗa wa manya. Ba kai za ka je gidan surukai da wannan magana ba. Ka fara da Hajiya, ku biyu, ka zauna a gabanta da ladabi ka nuna mata lissafi a rubuce. Uwa ba ta son ɗanta ya karye, abin da ba ta so shi ne a ce mata "ba kuɗi" ba tare da bayani ba. In ta gamsu, baffanka ko kawunka da ya kai gaisuwa shi zai koma, ya ce yaron nan lokacin cinikinsa ne, muna roƙon a ba mu zuwa kaza ga Shawwal. A kai musu rana tsayayya. Ɗage biki ba tare da rana ba shi ke jawo zargi da tsegumi, amma makonni takwas zuwa goma da dalili bayyananne, yawancin iyaye za su karɓa, wataƙila ma su ji daɗi, domin su ma kayan ɗaki suna kansu. In kuma suka dage sai kafin azumi saboda wani dalili nasu, to a ɗaura aure a Sha'aban, ka biya sadaki, a bar biki da tarewa sai bayan Sallah. Ana yin haka, ba baƙon abu ba ne, kuma sadaki kaɗai ba zai girgiza shagonka ba.

Amma ka ji ni da kyau, canza wata ba zai cece ka ba in dai daga jari za ka ci biki. Ribar da ka ƙirga bayan Sallah ita ce girman bikinka. In ta kama miliyan 1 da dubu 800, to bikin miliyan 1 da rabi za ka yi, ka bar sauran don watannin farko na zama da iyali, domin daga ranar da ta tare cefane, gas, wuta da asibiti sun hau kanka kullum. Abin da ya zama dole a fara da shi: sadaki, wurin zama, lefe daidai ƙarfi, walima. Dina ita ce ta farko da za ta fita, kuma ban ga auren da ya mutu don ba a yi ta ba. Abdurrahman bin Auf da ya isa Madina ba shi da komai, Sa'adu bin Rabi'i ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya ce a nuna masa kasuwa kawai. Sai da ya juya ya samu sannan ya yi aure, Annabi kuma ya ce masa ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce. Ɗan kasuwa ne kamarka.

Wani rami da masu sayar da yadi ke faɗawa shi ne lefe. Tunda kayan suna gabanka, yau ka ɗauki leshi biyu, gobe shadda, jibi ƙanwarka ta zo ta zaɓi atamfa goma, ba wanda ya rubuta. Duk turmin da ya fita don lefe ka rubuta shi a kan kuɗin sari, ka biya shago daga kuɗin biki kamar baƙo. Haka anko: dangi da abokai su biya kafin a yanka, domin bashin anko ba ya dawowa. Gudummawa kuma kada ka sa ta a lissafi, in ta zo alhamdu lillahi. In kana adashi, ka roƙi a ba ka kwasar da ta dace da watan, wannan kuɗinka ne. Bashin manhajar waya kuwa, ko kusa.

A wannan makon ka rufe shago da wuri wata rana, kai da yaronka ku sauke kaya ku ƙirga turmi-turmi a kan kuɗin sari, ka ware na kwantai gefe, ka rubuta wanda kake bi da wanda ke binka. Daga gobe kuma ka yanka wa kanka albashi, ka buɗe asusu daban don biki, abin da ya shiga can kaɗai za a taɓa. Makon biki in ya zo, kada ka damƙa wa wani ɗan'uwa da bai san farashi ba mukulli don kunya. Ka ƙirga kaya, ka sa kwaɗo, ka rufe kwana huɗu ko biyar. A ƙarshen Shawwal wannan ba zai rage ka da komai ba.